Ranar da Malam Tsoho Ya Ci Gwajin Ido

Ranar wata Laraba ce, an gama yankan shinkafa ana cikin sussuka, a shekarar da nake aji biyar, zamanin da duk takardar da ta fito daga ofis tambarin Jihar Sakkwato ne a kanta. Tun da aka sallame sallar asuba gidanmu na Nassarawa, cikin Birnin Kebbi, ya kacame. Baba ya aro a-kori-kura wurin wani abokinsa, an shimfiɗa tabarmi a bayanta, kakata Inna ta ɗaure kwanon tuwon shinkafa da tsumma, mu yara kuwa an laɓta mana man shafawa har muna ƙyalli. Argungu za mu. Labari ya zo cewa likitocin ido sun sauka a can na 'yan kwanaki, don haka aka shirya a kai kakana su duba shi, daga nan a wuce gidan ƙanwarsa a yi zumunci, mu kuma a kai mu bakin gulbi. Da aka zo shiga mota kakan nawa ya tuma ya ce shi amaryarsa ba za ta zauna a baya da tarkace ba. Ni ce amaryar. Aka cusa ni gaba tsakaninsa da Baba, ina ta yi wa ƙannena gwalo ta gilashi.

Ni ce 'yar fari, saboda haka tun da aka yaye ni aka miƙa ni sashen kakannina. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In ya zama dole sai ya ce “ke”, yana duban wani wuri, ni ma in na hango shi a zaure sai in canza hanya. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka taso, kowa da kunyar ɗan farinsa. Duk abin da yaro ke samu wurin uba, ni wurin kakana na same shi. Da safe in share tsakar gida, in ɗebo wa Inna ruwa a rijiya, in wanke allona, sannan in ruga makaranta da tsintsiya a hammata. Da yamma mu yi 'yar gala-gala da carafke a bayan rumbu har Inna ta leƙo ta ce kaji sun shiga shanyar shinkafarta, in kuwa ta kama ni ba ta da sauƙin hannu. Wurin gudu ɗaya nake da shi, bayan babbar rigar mijinta.

Malam Tsoho ake ce masa, har 'ya'yansa. Malamin gona ne da ya yi ritaya, amma ritayar a takarda ta tsaya. Yana da 'yar gonarsa a fadamar Zauro, kuma duk Asabar da Lahadi sai mun hau motar kasuwa mun je, ni da shi. Manoman wurin ba su daina ɗaukarsa malaminsu ba. Da sun hango farar hularsa sai su yi ta kira, wannan ya zo ya duba masa ganyen da ya yi ja, wancan yana son a gaya masa ko lokacin sakin ruwa ya yi. Nan ne yake zama mutum. A gida ba ya wuce tabarma da rediyo, amma a fadama har muryarsa canzawa take yi. Abin da manoman ba su sani ba, gida ma ba a sani ba, shi ne ganinsa yana ta tsukewa. Ya taɓa gaya mini kamar ta hudar zana yake leƙen duniya, abin da ke gabansa yana gani, na gefe kuwa babu. Daga baya na gaban ma ya fara yin hazo. Kunyoyin da ake bi tsakanin gonaki sirara ne, ga ruwa dama da hagu, shi kuma ya gwammace ya faɗa ciki da a ji jikarsa tana ce masa ga rami nan. Sai muka ƙirƙiro dabararmu. Ya kan riƙe hannuna kamar shi ke jan ni, ni kuwa in riƙa danna masa babban yatsana a tafin hannu: wajen yatsu in gaba za mu, wajen wuyan hannu in ya tsaya, gefe da gefe in za a karkata. Kafin mu isa wurin mai gona na raɗa masa launin ganyen da tsawon zangarniyar. Ya tsaya ya yi ta bayani, ana ta jinjina idon Malam. Ina jin daɗin abin nan ƙwarai, ba zan ɓoye ba, gani nake duk fadamar ni ke juya ta.

Inna ce ta fara zargi, ranar da ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya ture kwanon fura da ke gefensa. Ta kai wa Baba magana, Baba da ƙannensa suka zauna suka yanke cewa in likita ya ce idon ya taɓu, to zuwa fadama ya ƙare, a ba wani gonar ya noma. Ba su faɗa masa a fuska ba, wa ya isa, amma magana ba ta ɓuya a gidan da katangarsa zana ce. Ga kuma tsoron wuƙa. Wani amininsa ya taɓa kai idonsa wurin masu yawo gari-gari suna cire yanar ido, ya dawo ba ya ganin ko hasken rana. A wurin Malam Tsoho duk mai taɓa ido ɗaya ne, na asibiti da na kasuwa.

Mun tarar da asibitin ya cika maƙil, tsofaffi har ƙarƙashin itatuwa, wasu a jirgin ruwa suka ƙetaro. Saboda yawan jama'a ba kowa ke ganin likita ba. Sai an fara zaunar da mutum a baranda a nuna masa wani allo a bango, wanda ya kasa a ba shi kati ya shiga ciki, wanda ya iya a sallame shi. Allon cike yake da wani zane kamar mataji mai haƙora uku, wani ya dubi sama, wani ƙasa, wani gefe, manya a sama, suna ƙanƙancewa har ƙasa. Muna cikin layi Malam Tsoho ya sa na kwatanta masa yadda ake yi, sannan ya sunkuyo daidai kunnena.

“Ki kama hannuna kamar yadda muka yi hwadama. Inda haƙoran ga sunka duba, nan za ki danna.”

Ban yi gardama ba, ban ma ga abin gardama a ciki ba. Da aka kira shi ya zauna a benci, ya rufe ido ɗaya da hannu, ɗaya hannun yana kan gwiwarsa ƙarƙashin naɗin babbar riga, nawa a cikinsa. Ma'aikacin yana nunawa da sanda, ina dannawa, Malam Tsoho yana faɗa da muryar nan tasa ta fadama. Da aka ce ya sake ido na zagaya ɗaya gefen na kama ɗaya hannun. Har layin kusa da na ƙarshe muka kai. Ma'aikacin, bawan Allah da ya gaji tun hantsi, ya yi dariya ya ce idon tsohon nan ya fi na saurayi, a je gida a ci gaba da cin kifi. Ba a ba mu kati ba.

Ban taɓa ganin yini mai daɗi kamar ragowar wannan yinin ba, kuma shi ne yinin da na fi ƙin tunawa. A gidan ƙanwarsa aka yi ta yi wa Inna tsiya, wai so take ta makantar da miji don ta huta da kishin amarya. Aka ci tuwo, aka kawo soyayyen kifi a faranti, Malam Tsoho ya sa aka ba ni kan kifin, wai ladar rakiya. Da la'asar aka kai mu bakin gulbi, masunta suna shanya komarsu, ƙannena suna jifan ruwa da tsakuwa. Shi yana tsaye riƙe da hannuna yana nuna wa mutane hayin can, alhali na san ko bakin ruwan da ke gabansa ba ya rarrabewa sosai. A hanyar dawowa Baba bai ce uffan ba har Birnin Kebbi, amma da ma shi ba mai magana ba ne in ina wuri.

Damina biyu muka ƙara muna zuwa Zauro. A ta biyun ba na yatsa kaɗai nake yi ba, jan shi nake yi sosai, manoma kuma sun daina kiransa, sai dai su gaishe shi da wata irin murya mai taushi da ta fi zagi ciwo. Wata safiya ya fito daga ɗaki rana ta take ya tambayi Inna ko an kira asuba. Baba ya ɗauke shi sai Sakkwato. Kwanansu uku suka dawo, ina tsakar gida ina tsince tsakuwa daga shinkafa a faifai na ji Baba yana yi wa Inna bayani. Ba yanar ido ba ce. Hawan jinin ido ne, ya cinye jijiyar gaba ɗaya, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Likitan ya ce da an kawo shi shekara biyu da suka wuce, ba ma sai an yi aiki ba wataƙila, maganin ɗigawa zai iya riƙe masa ragowar. Na ci gaba da tsintar tsakuwa, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Sau ɗaya na yi yunƙurin faɗa. Na sami Malam Tsoho a zaure na ce zan gaya wa Inna abin da muka yi a Argungu. Ya lalubo kaina ya dafa.

“Ni nis sa ki. Kada in ji maganar ga ga bakinki, ko ina raye ko ba ni.”

Ya yi shekara shida a cikin duhu kafin Allah ya karɓi abinsa. Bai sake taka fadama ba, bai kuma sake ce mini amarya ba, sai dai sunana. Na yi kwalejin horon malamai, na yi aure, na koyar da 'ya'yan mutane shekara talatin da biyar, kuma duk yaron da na ga yana matse ido wajen duban allo sai na aika an kira ubansa, in bai zo ba in bi shi har gida. Ana ce mini mai naci. Ba wanda ya san abin da ke bina.

Yanzu ni ma na yi ritaya, ina zaune a Badariya, aikina shayar da 'yan shukokina, zuwa suna da gaisuwar rasuwa, sai ran hutu yara su kwashe ni da jikoki mu je Argungu cin kifi. In sun sauka bakin gulbi ni kan ce ƙafata na ciwo in zauna a mota. Ciwon idon nan ashe na gado ne. Ya kama Baba, ya kama ni, sai dai mu an gano da wuri, muna ɗiga magani safe da yamma, duk bayan wata uku kuma a duba mu. 'Yata Safiya ta sa aka haɗa mana rana ɗaya don ta huta da jigila biyu. Haka na wayi gari ina zama benci ɗaya da mutumin da na shekara sittin ina kauce wa hanyarsa. Tsufa ya rage masa kunya, har yana ce mini Malama.

A zuwanmu na bayan sallar layya aka ɗiga mana maganin da ke buɗe ƙwayar ido, aka ce mu jira ya kama. Safiya ta tafi karɓo kati. Komai ya dushe mini, na waiwaya ban ga fuskar Baba ba sai farin rawaninsa. Ina jin rashin ganin fuskar tasa ne ya ba ni ƙarfin hali. Na karya umarnin Malam Tsoho, na faɗa masa duka, tun daga kunyoyin Zauro har barandar Argungu, na ce ni na hana kakana shiga wurin likita.

“Na gani,” in ji Baba. “Ina tsaye bayanku. Da yas sake ido na ga kin zagaya.”

Na tambaye shi me ya hana shi magana. Tambaya ta farko ke nan da na taɓa yi masa a rayuwata.

“In buɗe baki gaban jama'a in ce ubana ƙarya shikai? Ban iya ba. Na ce in mun koma gida ni yi mai magana, munka koma ban iya ba.” Na ji ya ja numfashi. “Ke yarinya ta, Malama. Ni ad da gemu.”

Aka kira sunansa, Safiya ta zo ta tashe shi suka shiga. Ba mu sake tayar da zancen ba. Na ɗauka in na faɗa zan ji sauƙi, sai na tarar nauyin bai ragu ba, kawai na san mu biyu ne muka yi ta ɗaukarsa a gida ɗaya, kowa yana sunkuyar da kai in ya ga ɗan'uwansa.

'Ya'yan yanzu ba su san wannan ba. Safiya a gabana take gaya wa likita cewa na tsallake magani kwana biyu da muka je biki, ta kuma tona cewa kakanta yana ɓoye kwalbarsa a aljihu ya ce ya ɗiga. Ina jin haushi, har nakan ce mata ba ta da ta ido, in yi kwana guda ina amsa gaisuwarta a daƙile. Ina kewar zamaninmu, da ladabinsa, da yadda yaro ke sanin inda zai tsaya. Amma in na ɗaga kai na ga jikokina sarai suna wasa a tsakar gida, sai in tuna Malam Tsoho da ya shekara shida yana shafa kawunanmu yana tambayar wane ne wannan. Ranar nan a Argungu duk gidanmu masu ladabi ne, ba a sami marar kunya ko ɗaya ba.