Rantsuwar da Baba Ya Ƙi

Shekarar da kumandan ya ce sai an yi wa Dakoro filin wasa, matata tana da ciki, ni kuwa ba ni da gonar kaina. A gandun Baba nake noma tare da ƙannena, a tukunya ɗaya muke ci. Baba ya riga ya yi mini alkawarin saurarmu ta bayan kasuwar dabbobi, ya ce in ruwa ya sauka in shuka ta, ta zama tawa. Shekara huɗu tana hutawa, kowane rani Fulani na sauka da shanunsu suna zuba mata taki, har ƙasar ta yi baƙi. Nakan bi ta wurin ba gaira ba dalili, don kawai in kalle ta. Har inda zan kafa rumbu na zaɓa.

Kumandan kuwa Bature ne mai son kallo. Ya ce yana son fili shimfiɗaɗɗe da shinge da rumfa, inda 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, da ma'aikatan biro, wato ofishinsa, za su buga ƙwallo, a kuma riƙa kawo manyan 'yan kokawa daga Gobir da Adar su yi wasa a biya su. Ba daga aljihunsa abin zai fito ba. A shekarar aka ƙara mana wani abu a kan lanho, wato harajin kai, aka ce na fili ne. Mutanen Ajekoriya aka ɗora musu itace, na Korahane zana, na Ɗan Gulbi igiya. Mun yi gunaguni a gindin bishiya kamar yadda muka saba, muka biya. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa abin zai zo har ƙofar gidanmu.

Wata safiya a farkon bazara na je sassabe, sai na tarar da turaku masu farin fenti an kafa su a tsakiyar saurar. Na cire ɗaya na jefar, daga baya tsoro ya kama ni na koma na mayar da shi daidai raminsa.

Ashe maƙwabcinmu na gabas ne ya yi aikin. Mutum ne mai faram-faram, kullum bakinsa a buɗe da dariya, kullum yana gindin inuwar biro yana gaida duk wanda ya sa wando. Shi ya je ya ce ya ba kumandan gonarsa kyauta, ya haɗa da tamu, wai ai aro ce ubansa ya ba kakana. An ce an yi masa alkawarin tsaron ƙofar filin. Na ɗauki gatari zan fita, Inna ta tare bakin zaure ta ce in na ƙetare ta ba ta yafe mini nononta ba. Na ajiye gatarin.

Aka kira mu shari'a. A barandar biro ake yin ta. Kumandan na kan kujera, tafinta a tsaye kusa da shi, wani malami dattijo a kan buzu, shi ake tambaya abin da shari'ar Musulunci da al'ada suka ce. Mu muna ƙasa a kan rairayi, takalma a cire. Maƙwabcin ya yi ta zuba, aka ce ya kawo shaidu, ya rasa ko ɗaya, don duk tsofaffin gari sun san kakana ne ya sare dajin nan da hannunsa. Malam ya ce hukuncin a fili yake: mai ƙara ba shi da shaida, saboda haka wanda ake ƙara zai rantse da Alƙur'ani, in ya rantse gona tasa ce. Kumandan bai ji daɗi ba, amma ya yarda. Ya sa kwana bakwai.

Na taso daga wurin kamar in yi rawa. A hanya ina ta surutu, Baba yana gaba da sandarsa. Sai da muka zo daidai rijiya ya tsaya ya ce, "Yaro, ka cika baki. Rantsuwa ba wasa ba ta." Haka yake kirana, don ni ne ɗan fari, bai taɓa kama sunana ba.

Dole in faɗi yadda iyakar gonar take, don a nan matsalar ta ɓuya. Ta yamma akwai gawo, ta arewa burtalin shanu, ta kudu hanya. Waɗannan ba mai gardama a kansu. Ta gabas kuwa, tsakaninmu da maƙwabcin, layin gamba ne. A ƙasarmu ta rairayi haka ake iyaka, a dasa gamba a jere. Kakana da ya dasa tasa, ya binne rabin dutsen niƙan da ya fashe wa kakata a kan kusurwar, don ko gamba ta mutu dutse ba ya mutuwa. Bayan rasuwarsa wutar daji ta cinye gambar ƙurmus, iska ta kwashe toka ta zuba yashi. Baba yana saurayi lokacin. Ya nemi dutsen ya rasa, sai ya sake dasa gambar da ido, inda yake zaton nan ne. Shekara talatin da wani abu ba wanda ya ce masa kanzil, amma shi bai manta ba.

Kwana bakwai ɗin nan ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Kullum da hantsi Baba zai ɗauki hauya ya tafi gabashin saurar yana tono. Ni ina biye da shi ina masifa. Mun tona rami ya fi a ƙirga a gefen gambar ta cikin tamu, babu dutse babu alamarsa. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas da la'asar, mutane na gyaran iri. In na ga matata ta tashi da ƙyar tana dafa bango, sai in shiga tunani. Da me zan ciyar da su? Gandun Baba ya riga ya yi mana kaɗan.

Rana ta biyar na kasa haƙuri. Na ce, "Baba, gonar ga ta wa ce?"

Ya ce, "Tamu ta."

"To mi za ya hana ka rantse?"

"In sun ce in rantse bisa gawo da burtali da hanya, yanzu sai in yi alwalla. Amma gambar ga ni na dasa ta da hannuna, ban san ko na shiga haƙƙin mutane da taku ɗaya ko biyu ba. In ɗora hannu bisa Littafi in ce duk tawa ta? Ban iyawa."

Na ce taku biyu na rairayi, ko akuya ba ta ƙoshi da ciyawarsa. Na ce mutumin nan ƙarya yake sharara wa a kan gona sukutum, shi yana auna taku. Na faɗi maganganun da bai kamata ɗa ya faɗa wa ubansa ba, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Ya ci gaba da tono.

Na je wurin Inna in nemi taimako, na san ita kaɗai yake jin maganarta. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba ta ce, "Ubanka ko a kan ɗan akuya bai taɓa rantsewa ba. Tun ina amarya haka na same shi." A gidajenmu na da, dattijon kirki yana gudun taɓa Alƙur'ani a kan abin duniya ko da yana da gaskiya. Ana cewa wanda ya rantse a kan abin da bai tabbata ba, abin ba a kansa yake tsayawa ba, har 'ya'ya da jikoki yake bi. Inna ta dubi ɗakin matata, na gane abin da take nufi. Abin da ke cikin matata shi Baba yake ji wa tsoro, ni ma shi nake ji wa tsoro, amma kowa da inda tsoronsa ya nufa.

Ranar ta zo. An cika barandar da mutane, har masu sayar da dabbobi sun bar kasuwa sun zo kallo. Malam ya ɗauko Alƙur'ani a cikin gafakarsa ya ajiye a kan buzu. Kumandan ya shimfiɗa wata takarda da aka zana gonar a kanta, kusurwa huɗu cif kamar tabarma. Tafinta ya ce Baba ya rantse cewa duk abin da ke cikin zanen nan nasa ne.

Baba ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ni rantse bisa gehe ukku. Na gabas ɗai ne ban da tabbas, taku ɗaya ko biyu."

Malam ya gyara zama ya fara cewa ai wannan mai sauƙi ne, sai a je gonar a auna a fitar da abin da ake shakka. Tafinta ya juya wa kumandan maganar. Kumandan ya duba agogonsa, ya buga yatsa a kan takardar ya yi magana gajeriya. Tafinta ya ce, "Ya ce shi bai san taku ba. Ko ka rantse bisa takarda duka, ko ka bari."

Na matsa kusa da Baba na kama gefen rigarsa. Na ce a hankali, "Baba, don Allah." Ya daɗe yana kallon gafakar. Sannan ya ce, "Allah gafarta malam, ban iyawa."

Malam ya sunkuyar da kai. A shari'a in wanda ake ƙara ya ƙi rantsuwa, sai ta koma kan mai ƙara. Maƙwabcinmu ya tashi ya yi alwala fes, ya ɗora hannu ya rantse ko tari bai yi ba. Kumandan ya sa hannu a takarda. Kafin azahar saurar ta tashi daga hannunmu.

Na yi wata guda ba na gaida Baba sai da ƙyar. Na zuba ido in ga abin da zai sami maƙwabcin, ko kuturta ko gobara, kamar yadda ake faɗi. Ƙiba ma ya yi, aka ba shi wata hula da usur.

Aikin filin bai jira damina ta wuce ba. An ce an hana aikin tilas, amma gardi, wato dogarin kumandan, ya bi gida-gida ya ce kowane gida ya ba da mutum ɗaya don taimakon gari. A gidanmu ni aka tura. Kuɗinmu a ciki, gonarmu a ciki, ga kuma ƙarfina. Ni na tumɓuke gambar Baba da hannuna, ni na kwashe takin da Fulani suka zuba mini aka zubar a bayan shinge, wai yana ɓata wa 'yan ƙwallo ƙafa.

Akwai wani ɗan tudun yashi a ɓangaren maƙwabcin, bayan inda gambar take, da aka ce mu baje shi. Mu ba mu tona nan ba, don Baba ya ce ba ya sa hauya a gonar wani. Ina cikin sara sai hauyata ta yi ƙara a kan wani abu. Na sa hannu na share yashin. Rabin dutsen niƙa ne, da kwarminsa sumul inda kakata ta yi shekaru tana niƙa. Na tashi na auna daga ramin gambar zuwa dutsen. Taku uku ne cur. Baba bai shiga gonar kowa ba, shi ne ma ya bar wa maƙwabci taku uku na tamu tun yana saurayi.

Na zauna a kan yashin na rasa abin da zan yi, kuka ko ihu. Gardi ya daka mini tsawa na tashi. Da aka tashi aiki na naɗe dutsen a rigata na ɗauka a ka. Ban je biro ba, na san takarda ta riga ta sha hannu, kuma ba mai tayar da shinge don dutse. Gida na nufa, ina tafe ina shirya abin da zan faɗa masa, kalma bayan kalma, duk masu zafi.

Na same shi a zaure bayan la'asar yana tufka igiya. Na dire dutsen a gabansa na ce, "Ga shi nan. Taku ukku bayan gambarka, cikin wajensa. Da ka rantse da gaskiyarka ka rantse."

Ya ajiye igiyar. Ya shafa kwarmin dutsen da tafin hannunsa, ya daɗe yana shafawa. Ina jira in ga ya yi nadama, ina so in gani, ba zan ɓoye ba. Da ya ɗago sai na ga fuskarsa ta saki, irin sakin da rabona da gani tun ina ƙarami.

Ya ce, "Bayan gambar? Ka auna da kyau?"

Na ce na auna sau biyu.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe duk hatsin da munka ci ban ba ku na kowa ba."

Ya kira Inna ya nuna mata, ya ce a dama masa fura da yawa, yunwa yake ji. Ni kuwa ina tsaye da maganganuna a baki, ba wadda ta fito.

Matata ta haihu da kaka, namiji. A makon ne aka buɗe filin, muna jin kalangu da ihun 'yan kallo daga tsakar gida. Ban je ba, kuma na yi shekaru ban taka wurin ba. Gona sai aro na yi a can nesa, tafiyar rabin yini, ƙasa fara mai cin iri. Ranar suna Baba ya karɓi jaririn ya zauna da shi a zaure, kusa da dutsen da ya jingine a bango. Ya buɗe ɗan hannunsa yana duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya duba na ƙafa, sannan ya miƙo mini shi ya ce, "Yaro, amshi ɗanka. Lahiya lau yake."