Kufanmu na Bakin Rafi

Ina da kamar shekara tara aka tashe mu daga bakin rafi, can wajen Janfalan. Turawa suka ce ƙudan tsando ne ke kawo ciwon barcin da ya addabe mu. Aka sa maza suka sare kurmin, mu kuma aka mai da mu kan tudu, tafiyar hantsi guda. Azara da tukwane da hatsin rumbu kawai muka kwasa.

Kukarmu tana can, don haka duk kaka ni da Gwaggo, yayar babana, mukan koma ɗiban ganyen miya.

Shekarar farko tafasa da rai-ɗore muka tarar sun cika tsakar gida. Zurma ta tsiro a turken awaki har ta fi ni tsawo. Ɓeraye suka gaje ɗakunan, macizai suka biyo su, shi ya sa Gwaggo ba ta shiga ko'ina sai ta bubbuga ƙasa da sanda. Ranar mun cika ƙwarya biyu da tafasa.

A damina ta uku katanga ta zube, gamba ta rufe ko'ina. Da muka je da kaka, fakara ta tashi a gabana daga inda murhunmu yake a da. Na duba tafasa, babu ko ɗaya.

Na ce, "Gwaggo, wa ya riga mu tsinkewa?"

Ta ce, "Ba kowa. Ba ta son inuwa ne, gamba ta danne ta. Ita ma gambar ba daɗewa za ta yi ba."

Ta buɗa ciyawa ta nuna mini 'yan tsiron kalgo da farar ƙaya a cikin busasshen kashin shanu. Fulani sun yi rani a wurin, shanunsu suka kawo irin a ciki.

Da aka kai ni aure Makarfi, na yi shekaru ban je ba. Ranar da na koma ina da goyo na uku, Gwaggo kuma sai ta huta sau biyu a hanya. Kalgo ya yi duhu, marke da taura sun fara ɗara shi, gamba sai tsilli-tsilli inda rana ke sauka. Birai na kan kukar, ba su ma gudu ba. Akwai sawun gada a laka.

Na ce ta nuna mini ɗakin da aka haife ni. Ta tsaya ta daɗe tana dube-dube.

"Ko gindin taurar nan, ko wancan surin gara. Ban tabbata ba, 'yar nan."

Ban matsa mata ba. Muka ɗebi ganye muka juya.

Bayan rasuwarta wani mutumin ƙauyen Taba ya nemi wurin a hannun mai unguwa, ya sare, ya ƙone, ya shuka gyaɗa. An ce garmarsa ta tono dutsen niƙa har biyu, matarsa ta wanke ɗaya tana niƙa da shi.