Kalosta da Ragar Baba Haruna

Duk wanda ya ce maku na ƙure Baba Haruna a kan motar Alhaji Idi bai san abin da ya faru ba. Ni na kwanta ƙarƙashinta, kuma ranar Asabar ɗin nan ta watan Oktoban bara ba ta fita raina ba.

Lokacin wata uku nike da shi a garejinsa na Gazawa, gwaji ake yi mini. Inna ta ce in ban tsallake ba, sai keken ɗinki. Sai ga Alhaji Idi mai aya daga Cadawa da wata tsohuwar motar Jamus mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. An sa mata inji mai turbo a Najeriya, ƙarfinta ya kusa ninkawa, amma komi na kewaye da injin tsoho ne.

Ga wanda ba makanike ba: in ka ƙara wa inji ƙarfi, ka ƙara masa ci da zafi. Dole famfon mai ya girma, birki ya ƙara kamu, tukunyar sanyaya ruwa, wadda muke ce wa radiyata, ita ma a sake ta. Na zayyana wa Alhaji haka.

"Ɗiyata, ni gudu na saya, ba tukunya ba."

"To Alhaji, za ka yi gudu har bakin tasha, daga nan ka tako."

Baba Haruna, wanda ke kirana 'yar lakol don na yi makarantar boko, ya yi dariya ya ce, "'Yar lakol, aikinki ne. In ta je Cadawa ta dawo lafiya, kin zauna."

Kwana tara na yi. Na sa babbar radiyata, sabbin tiyo, da sabuwar kalosta, wato ɗan ƙarfen da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi. Kun san Baba da kalosta. Wai kayan ƙasar sanyi ne, duk motar da ta shigo sai ya cire. Ga su can ya zura a waya a jikin rumfa kamar kifin banda. Da na tafi cin abinci ya cire tawa bai gaya mini ba. Ni kuma da na dawo na tarar ya ɗaure wata ragar taga a gaban sabuwar radiyatar. Na ce wanga ƙauyanci ne, zai tare iska. Na kwance na jefar, ni ma ban gaya masa ba.

Asabar da hantsi muka fita, Alhaji na tuƙi, ina gefensa, Baba na biye da mu a babur. Ba mu yi rabin hanya ba allurar zafi ta kai ja.

"Ga babbar tukunyarki nan ta tafasa," in ji Alhaji. "Ko a kawo wake?"

Na taɓa tiyo: ɗaya kamar wuta, ɗaya da ɗan ɗumi kawai. A irin wannan injin, in babu kalosta ruwan yanke yake yi ya koma ciki, ba ya bi ta radiyata. Na juya na ce, "Baba, ina kalostata?"

Ya daɗe yana gyara hula. Sannan ya zaro ta daga aljihu, ko wayar bai kai ta ba. Muka jira injin ya huce, na mayar. Na ƙi duban fuskarsa don kar ya ga tawa.

Mun isa Cadawa lafiya. Amma Alhaji ya ce sai mutanensa sun ga motar, ya ratsa ta wajen masussuka, lokacin kaka ne, ana ta shiƙa. Da dawowa allura ta sake tashi. Baba ya durƙusa ya leƙa gaban motar.

"'Yar lakol, ina ragata?"

Ƙaiƙayi da ƙarangiya sun liƙe fuskar radiyatar kamar tabarma. Mota mai ƙasa-ƙasa duk abin da ke kan hanya shi take shaƙa. Ba wanda ya koya mini wannan a aji.

"Na jefar, Baba."

"Mi ya sa?"

"Ba ta da kyau."

Alhaji ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Ashe ku biyu kuka haɗu kuka yi wa motata sata!"

Da tsinke muka tsince ƙaiƙayin, ni da Baba kafaɗa da kafaɗa. Ragar wata taga muka samo a shagon wani mai faci muka ɗaura, ita ta kawo mu gida. Da muka shiga gareji bai ce na zauna ba, bai ce na tafi ba. Ya dai miƙo mini makullin akwatin kayan aiki ya ce kar in makara ranar Litinin.

Shi ya sa nike gaya maku ku sabbi, a wannan sana'ar ko ƙulli kuka gani na tsumma, ku tambayi wanda ya ɗaura kafin ku kwance. Baba dai bai tuba ba, jiya ma na kama shi da wata kalosta a aljihu. Don haka daga gobe zan riƙa sauke na kan wayar nan ɗaya-ɗaya ina gwadawa a ruwan zafi, duk wadda ta buɗe ta koma mota. A butar shayinsa zan dafa su. Amma wannan karon sai na tambaye shi.