Ranar da Sarki Ya Yi Mini Fifita

A shekarun da nake yi wa Sarkin Haɗeja fifita, ina da 'yar gonar shinkafa a fadama, bakin kogi. Wata kaka tsuntsayen nan jan baki suka sauka a kanta kamar hadari. Tun asuba ina can da majajjawa, ina ihu har murya ta dushe. In hantsi ya yi, in wanke taɓo in taho fada in ɗauki figini, wato maficin gashin jimina.

Ran nan bayan azahar Sarki ya kishingiɗa a soron ciki, ana zafi kamar a bakin tanderu. Ina durƙushe ina kaɗa figini, ina kaɗawa, sai na gan ni a gona, iska mai sanyi tana busowa daga kogi. Can sai ga tsuntsaye. Na daka musu tsawa: "Kai! Ku tashi, ɓarayin banza!"

Na buɗe ido. Ashe kwance nake, kaina a gefen shimfiɗar Sarki, figini kuwa yana hannunsa, shi ke yi mini fifita. Galadima da liman da sarkin dogarai sun shigo gaisuwa tun ɗazu, ya hana su tashe ni. Da jin tsawata duk sun miƙe zumbur.

Sarkin dogarai ya yo kaina da bulala.

"Bar shi," in ji Sarki. "Ɓarayi ya ce su tashi, ga ni a zaune. Ku me ya tashe ku?"

Liman ya koma ya zauna da sauri har rawaninsa ya karkace.

Na yi wuf na durƙusa gabansa. "Allah ya ja zamaninka, tuba nake."

"Barcin ma da ihu kake yinsa. Me ke damunka?"

Na gaya masa zancen gona. Ya yi dariya har da share hawaye, ya ce in tafi sai an gama girbi, ya kuma haɗa ni da dogarai biyu su taya ni kora.

Sun kora kuwa, ba laifi. Ƙarti ne, in suka yi ihu har masunta a kogi sai sun waiwayo. Amma ciyar da su a kaina yake, kuma kowannensu ba ya tashi sai ya ga gindin akushi biyu. Ana saura mako a yi girbi matata ta leƙa rumbu, ta daɗe a ciki, sannan ta fito.

"Malam," ta ce, "ka je ka yi wa Sarki godiya. In ka ga fuska, ka roƙe shi ya maido mana da tsuntsayenmu."