Zanen Goyon da Na Ajiye

A shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, ni masinja ne a wani ofis a Samaru. Ina da keke, da matata, da girman kan da ya fi albashina. 'Yarmu tana da shekara biyu. Da yake 'yar fari ce, kuma mai sunan mahaifiyata, ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. A ganina wannan ita ce kunya, raino kuwa aikin mata ne.

Wata Asabar cikin bazara uwarta ta tafi sayayya kasuwar Sabon Gari, ta bar ta tana barci da ɗan zazzaɓi. Kafin azahar jikin yarinyar ya yi zafi zau, wuyanta ya sanƙare, ta fara fizge-fizge. Ga shi kuwa ana ta sanƙarau a unguwa. Mafita ɗaya ce, in goya ta, in hau keke sai asibiti. Har na ɗauko zanen uwarta, sai na jiyo dariyar 'yan majalisarmu a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Na tuna yadda muke kiran duk namijin da ya yi raino mijin-ta-ce. Wallahi sai na ajiye zanen. Na bi gida-gida neman macen da za ta goya ta, ashe duk sun tafi bikin suna a Hanwa. Na dawo na tsaya a kanta kamar gunki, wai ina jiran uwarta.

Maƙwabcina, wani malamin makaranta Kirista daga kudancin Zariya, shi ya leƙo da ya ji kakarinta. Ya tambaye ni tun yaushe take haka, na ce uwarta nake jira. Ya ce in ni ina jin kunyar 'yata, shi ba ya ji. Ya ɗaure ta a bayansa da zanen nan, ya haye kekena, ya ratsa ta gaban majalisar. Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba. Ni kuwa ina biye a guje, ina kuka.

Ta rayu, alhamdu lillahi, amma ta kurumce. Likita ya ce da an kawo ta da wuri, mai yiwuwa da ba a kai ga haka ba. Wannan maganar har gobe tana cina.

Iyaye maza, ku ji tsoron Allah. Abin da zai hana ka ɗaukar ɗanka ba kunya ba ce, tsoron bakin mutane ne, su kuwa ba za su taya ka nadama ba. Yau 'ya'yanta a bayana suke barci, kowa na gani. Kullum ina kiran sunanta da ƙarfi, amma ba ta taɓa jin sa daga bakina ba.