Ɗakunan da na cika da masara

Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, hawaye kuma ba su bar ni ba. Matar aure ce ni a Ƙanƙara, ban taɓa cin ko allurar wani ba. Da Malam, mijina, ya rasu, ya bar mini gida mai ɗaki shida.

A shekarun da mutanen ƙauye suka yi ta gudowa gari saboda 'yan bindiga, hukuma ta ce duk mai gidan da ya ba talaka haya da sauƙi za a ɗauke masa haraji. Na shiga. Cikin waɗanda na saukar akwai Talatu, daga wani ƙauye bayan Mabai, da 'ya'yanta biyu. Inna take ce mini.

Da kaka ta yi, wani ɗan kasuwa ya nemi ɗaki ɗaya na ajiyar masara, da kuɗi mai tsoka. Na fitar da mace ɗaya. Daga ɗaya sai biyu, har aka zo kan Talatu.

Ta ce, "Inna, ina za mu?"

Na ce, "Allah ba ya hana bawansa wurin kwana."

Ta koma rumfar kasuwa. Ta bar tukunyarta a wurina, wai sai ta samu wuri.

Masu duba gidajen da hukuma ke turowa maza ne, ba su wuce zaure. Duk ranar zuwansu sai in aika a kira matan da na kora, su dangwala yatsa a takarda cewa har yanzu suna gidan, in ba kowace mudun masara. Babbansu yakan ce, "Hajiya, ai ke uwa ce, ba sai mun shiga ba." Da kunyarsu na yi sata.

Damina ta faɗi, rumfa na yoyo, ƙaramin ɗan Talatu na tari. Ta zo ta durƙusa ta ce ko zauren ne in ba ta. Na ce baƙi na zuwa. Sai ta kwashi yaran ta koma ƙauyen da ta gudo daga shi. Ba a yi wata ba aka tashi ƙauyen. Har yau babu wanda ya ce ya gan ta.

Zuwan masu duba gidajen na gaba, da mace suka zo. Ta yi sallama, ta wuce ciki, ta ɗaga labule. Buhuna har rufi.

Na yi wata tara a gidan yari, da furfurata. Na fito, na tuba, na buɗe ɗakunan. Amma liman ya gaya mini haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. To, wa zan roƙa?

'Ya'yana, idan an ba ku amana saboda talaka, ku bar talakan a ciki. Kada ku ce ɗaki ɗaya ne. Ni ma haka na ce.

Tukunyar tana nan. Duk Juma'a ina wanke ta.