Littafin da Aka Mallaka wa Bunsuru

A kasuwar Kibiya na sayi tsohon littafin bayoloji wajen mai baza littattafai a ƙasa, don zan sake jarrabawar da na faɗi, kuma ba ni da wani. A cikin bangon an manna wata 'yar takarda mai hoton mujiya. Saman kanta an rubuta Ex Libris, ƙasanta kuwa layi ne da ba a cike ba.

Kakata, wadda nake zaune a wurinta a Rano, ta leƙo ta ga mujiyar, ta yi salati.

"Ke, wa ya aiko miki da wannan?"

Na duba a waya, na ce, "Iya, Latin ne. Ma'anarsa daga cikin littattafan wane. A layin nan mai littafi yake sa sunansa."

"Su waye Latin ɗin?"

"Babu su yanzu. Masu yaren sun daɗe da mutuwa."

Da na sani da ban faɗi haka ba. Iya ta ja baya da kujerarta.

"Yaren matattu, ga mujiya, ga gurbin suna ana jira. Sunan wa kike so su sa? Kawo shi murhu!"

Na rungume littafin ina kuka, amma ni ma sai na ga kamar mujiyar ni take kallo. Ana haka Bafulatanar da ke kawo mana nono ta sauke ƙwaryarta, ta ji zancen. Ta ce, "Inna, saniyar da ba a yi wa shaida ba ita ake jayayya a kanta. Ku cike wurin kawai."

Iya ta ce ba dai sunan jikarta ba. Nata ma a'a. Ta waiga tsakar gida, ta hango bunsurunmu.

"Rubuta bunsuru."

Na rubuta. Littafi ya tsira daga wuta.

Washegari na bar shi a kan tabarma na je ɗebo ruwa. Da na dawo, na tarar bunsurun ya cinye bangon da mujiyar, ya wuce har babin numfashi, yana taunawa yana kallona.

Iya ko motsi ba ta yi ba. "Bar shi, mai abu ne ya karɓi abinsa."

A jarrabawa tambayar numfashi ce ta farko. Bunsurun yana nan lafiya lau, har ƙiba ya yi. Ni dai ta bayan rumbu nake zagayawa, ba na yarda mu haɗa ido.